Zaure ɗaya, ƴan wasa uku: yadda ake raba rawuta guda a gida

Bayan sallar isha'i, a wani gida a Madawa, kwamfuta uku ne a kan tabarmar ɗakin samari. Ɗaya ta zo daga Abijan cikin jakar yaya da ya dawo daga biɗa, ɗaya ta hannu ce da aka sayo a Maraɗi, ta ukun kuwa an saya ne da sunan karatu. Rawuta guda ce a gidan, irin mai cin layin waya, wadda wasu ke kira boks, wasu kuma su ce mata wifi kawai. Na farko ya shiga wasa lafiya lau. Na biyu yana shiga, sai na farkon ya fara ganin abokan karawarsa suna ɓacewa suna bullowa kamar aljanu. Na uku ko shiga bai samu yi ba. Can sai ƙaraminsu ya leƙa tsakar gida: "Inna, don Allah ki ɗan katse kiran nan, rezo ya mutu." Inna tana magana da ɗanta da ke Libiya, ko juyowa ba ta yi ba.

Abin da ke biyo baya an san shi. A tsine wa rezo, gobe a sayi forfe mafi tsada, jibi a canza kamfani, gata a koma gidan jiya. Sau da yawa kuɗin a banza suke tafiya, domin ciwon da ake kira "rezo ba kyau" ba guda ba ne. Wani a cikin ɗaki yake, wani a zaure, wani kuma yana can bayan teku inda ba mai iya taɓa shi. Aikin farko shi ne gano wanne ke damunka.

Ka ɗauki rawuta a matsayin zauren gida. Ɗakuna da yawa, mafita ɗaya. Duk na'urar da ta shigo, waya ce ko kwamfuta, rawuta tana ba ta lamba ta cikin gida, irin su 192.168.8.100 da 192.168.8.101. Waɗannan lambobi kamar a ce "ɗakin amarya" ne: kowane gida yana da nasa, amma ba mai aiko wasiƙa daga Yamai da wannan adireshi. Duniya lamba ɗaya ta sani ga gidan duka. In kwamfutarka ta aika saƙo zuwa sabar wasa, mai tsaron zaure yakan goge sunan ɗakin, ya sa adireshin gidan, sannan ya rubuta a littafinsa cewa amsar da za ta zo ta ƙofa mai lamba kaza, ta ɗaki kaza ce. Lambobin ƙofofin nan sun kai 65,535, saboda haka wuri bai yi kaɗan ba. Wannan dabara ita ake kira NAT. An bayyana ta tun 1994, don an hango tsohon tsarin adireshin intanet, mai lambobi kimanin biliyan 4.3, ba zai ishi duniya ba. A Fabrairun 2011 kuwa babban rumbun lambobin ya ƙare.

Mai tsaron zauren nan yana da hali guda wanda shi ne tushen rabin rigimar. Baƙon da aka rubuta zuwansa kaɗai yake shigarwa, wato amsar saƙon da ya fita daga cikin gida. Wanda ya zo ya yi sallama ba a gayyace shi ba, ko amsa ba zai samu ba.

Daga nan wasanni suka rabu biyu. Akwai waɗanda kamfani ke riƙe da saba, kowane ɗan wasa shi ke fita ya same ta: Counter-Strike 2, Dota 2, Fortnite, Valorant, da Free Fire da PUBG na waya. A irin waɗannan, kwamfuta biyar za su yi wasa ta rawuta ɗaya ba a taɓa komai ba, don kowace ita ta fara aika saƙo. In irin wasanka ke nan, kada ka ɓata dare kana neman "buɗe ƙofa". Matsalarka tana gaba, za mu zo kanta. Sharaɗi ɗaya dai: kowace kwamfuta da nata asusu. Asusun Steam guda ba ya wasa a intanet kan na'ura biyu lokaci ɗaya, ɗaya za a kora, kuma na sha ganin an ɗora wa rawuta wannan laifi alhali ba ruwanta.

Kashi na biyu su ne wasannin da na'urorin ƴan wasa ke magana da juna kai tsaye, kamar GTA Online da wasu wasannin ƙwallo da na faɗa na mutum biyu, da kuma duk lokacin da kai ne mai masauki, misali ka buɗe duniyar Minecraft kana so abokinka na Buza ya shigo. A nan dole baƙo ya yi sallama daga waje. Shi ya sa PlayStation ke nuna maka nau'in NAT 1, 2 ko 3, Xbox da Call of Duty kuma su ce buɗaɗɗe, matsakaici ko tsattsaura, wanda a allon Faransanci za ka ga Ouvert, Modéré da Strict. Nau'i na 2 ya wadatar. Na 3 ne abin gudu: masu tsattsauran zaure biyu ba sa iya haɗuwa, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara ƙwanƙwasawa, kuma ba mai buɗewa.

Gyaran yana farawa da shiga cikin rawutar. Juya ta, akwai takarda manne a ƙasa mai adireshi da kalmar sirri. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, na TP-Link kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In takardar ta goge, buɗe baƙin allon cmd a Windows, rubuta ipconfig, ka duba layin Passerelle par défaut, ko Default Gateway in kwamfutar da Turanci take; lambar da ke wurin ita ce. Rubuta ta a burauza ka shiga. Kafin komai ka canza kalmar sirrin shiga, in har yanzu admin ce. Sannan nemi UPnP ka kunna. Abin da yake yi shi ne ba kowace na'ura damar ce wa mai zaure, "Ina jiran baƙo ta ƙofa kaza, in ya zo a turo mini shi."

Ga inda masu kwamfuta fiye da ɗaya ke faɗawa rami. Wani ya taɓa bin bayanin da ya gani a bidiyo, ya tura ƙofa 3074, wadda Xbox da Call of Duty ke so, zuwa na'urarsa da hannu. Shi ya warke. Amma ƙofa ɗaya ɗaki ɗaya take kaiwa. Ƙanensa ya zo neman 3074, an riga an yi mata mai ita, ya koma tsattsaura. Saboda haka in na'urori biyu ko uku za su yi wasa iri ɗaya, goge duk turin da aka yi da hannu, bar UPnP ya raba. Kashe rawutar ka kunna, sannan ka tayar da na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ba tare ba. Ta biyun in ta tarar an riga ta, sai ta nemi wata lamba. Xbox ma yana da wuri a saitin sadarwa inda za ka zaɓa masa wata ƙofa da kanka. Akwai kuma wani saiti mai suna DMZ da ake yawan yabo. Ma'anarsa duk baƙon da ba a san inda za shi ba, a tura shi ɗaki kaza. Na'ura ɗaya kawai yake wa aiki, kuma ban yarda a sa kwamfutar Windows a ciki ba: kamar cire ƙyauren ɗaki ne a gidan da ke bakin kasuwa.

Turi da hannu yana da wurinsa, wato in kai ne mai riƙe da saba. Fara da ɗaure wa kwamfutar lambar cikin gida da ba ta canzawa, a sashen DHCP na rawutar, in ba haka ba gobe za ta tashi da sabuwar lamba, turin ya tafi ɗakin da ba kowa. Sannan tura ƙofar: 25565 ga Minecraft na Java, 27015 ga Counter-Strike. In ƙanenka ma yana son tasa sabar, ya ɗauki 25566 ko 27016. Waɗanda ke cikin gidan su shiga da lambar ciki, na waje kaɗai ke buƙatar adireshin gidan. Rawutoci da dama suna rikicewa in ɗan gida ya fita ya dawo yana sallama kamar baƙo.

Sai dai kafin ka yi ko ɗaya daga cikin waɗannan, akwai gwajin minti biyu da zai iya hutar da kai. A shafin bayanin rawutar nemi adireshin WAN. Sannan ka rubuta "mon ip" a Google ka ga lambar da duniya ke ganinka da ita. In biyun sun yi daidai, madalla. In sun bambanta, ko ta rawutar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to akwai wani zauren a gaban naka, na kamfani, inda ɗaruruwan gidaje ke fita da adireshi guda. Ana kiransa CGNAT. Ƙofar gari ce, mabuɗinta ba a hannunka yake ba. Yawancin kamfanonin wayar salula a duniya haka suke yi, domin lambobi sun yi ƙaranci, kuma Starlink, mai intanet ta tauraron ɗan adam, ma haka yake yi wa masu tsarin gida. A Nijar, ko layin Airtel gare ka, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom da ta gaji Orange bayan cinikin 2019, ko Niger Telecoms da aka kafa a 2016 daga haɗewar Sonitel da SahelCom, ka yi gwajin da kanka kada ka yi zato. Na san wani ɗan yayata da ya biya mai gyara jaka biyu don ya buɗe masa ƙofofi. Mutumin ya buɗe su kuwa, tsaf, a zauren ciki, ya karɓi kuɗinsa. Ƙofar gari tana nan a kulle.

In haka abin yake, mafita ita ce kowa ya fita, ku haɗu a waje. Manhajoji irin su ZeroTier, Tailscale da Radmin VPN suna ƙirƙirar wani gida na ƙarya: kowannenku ya sa manhajar, ya shiga rukuni ɗaya, ya samu lamba, sai kwamfutar yayanka da ke Abijan ta bayyana kamar tana ɗakin. Wani lokaci manhajar kan kasa haɗa ku kai tsaye, ta bi da ku ta wata tasha mai nisa, jinkiri ya ƙaru. Wannan sai haƙuri. Hanya ta biyu ta fi sauƙi: a bar masaukin ga wanda ke da intanet na fibar a Yamai ko Abijan, ku na Adar ku zama baƙi. Baƙo ba ya buƙatar buɗaɗɗiyar ƙofa.

Wani zaure biyun kuma mu muke gina shi da hannunmu. Boks ɗin kamfani ba ya kaiwa ɗakin samari, sai a sayo rawuta ta biyu a jona. Yanzu masu tsaro biyu ne, kowa da littafinsa, UPnP kuma da na kusa kaɗai yake magana. Maida ta biyun ta zama mai yaɗa wifi kawai. In tana da zaɓin Point d'accès, shi ke nan. In babu, kashe mata DHCP, ka ba ta lambar ciki da ba ta ci karo da ta farkon ba, ka soke kebul ɗin a ramin LAN maimakon na WAN.

Yanzu ga babban ciwon, wanda ya fi taɓa mutane: jinkiri. Ƴan wasa suna ce masa ping, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba ya dawo, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ms a taƙaice. Masu sayar da forfe mega suke tallatawa, amma wasa ba mega yake ci ba. Yawancin wasanni ko megabit ɗaya a daƙiƙa ba sa kaiwa. Bidiyon TikTok ya fi su ci nesa ba kusa ba. Abin da wasa ke so shi ne ƙananan saƙonni su je su dawo a kan kari. Babbar mota tana ɗaukar buhun albasar Galmi ɗari uku, amma in takarda za ka aika cikin gaggawa, ɗan kabu-kabu za ka nema.

Wani ɓangare na jinkirin ba mai gyara shi. Haske a cikin igiyar fibar yana tafiyar kilomita kusan 200,000 a daƙiƙa. Daga Madawa zuwa Faris a miƙe bai kai kilomita 4,000 ba, amma saƙonmu ba ya miƙewa arewa. Nijar ba ta da teku, sai ya gangara kudu zuwa gaɓa, wajen Kwatano ko Legas, ya shiga igiyar ƙarƙashin ruwa ya zagaye Afirka ta Yamma. Igiyar MainOne kaɗai, daga Legas zuwa Fotugal, kilomita 7,000 ce. Haɗa da tafiyar ƙasa, ka ninka biyu saboda dawowa, za ka ga 80 zuwa 90 ms sun tafi tun kafin a lissafa ƙarfen rezo da tashoshin hanya. Shi ya sa ɗan Keita mai ping 120 zuwa sabar Turai bai kamata ya tsine wa kowa ba. Shi ya sa kuma ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyi huɗu, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun Kodebuwa, intanet ɗin ƙasashen yankin ya rame ba tare da rawutar kowa ta yi laifi ba. A wasan da ke barin ka zaɓi saba, gwada na kudancin Turai kafin na Afirka ta Kudu. Sunan Afirka yana ruɗin mutane. Johannasbag ta fi Madrid nisa daga nan, kuma wani sa'in saƙon sai ya biya ta Turai kafin ya gangara can. Lambar da wasan ya nuna maka ita ce alƙali. Starlink, da ya fara aiki a Nijar a 2025, taurarinsa suna ƴan ɗaruruwan kilomita a sama, ba kamar tsofaffin taurari masu nisan kilomita 35,786 da jinkirinsu ke haura rabin daƙiƙa ba. Yana wasa sosai, amma shi ma sai ya sauko ƙasa ya kama hanyar saba.

A ganina, ping 130 da ke tsaye wuri ɗaya ya fi 70 mai rawa, yanzu 70 an jima 400. Hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya canzawa. Rawar ce ke sa ka harbi iska.

Don gano inda rawar take, buɗe baƙin allo biyu a jere. A na farko rubuta ping -t da adireshin rawutarka, a na biyu ping -t 8.8.8.8, ka bar su suna gudu minti biyar a daidai lokacin da kuka saba wasa, ba da hantsi da kowa ya fita ba. Allon farko yana auna tsakaninka da zaure. Ta kebul ya kamata ka ga 1 ms, ta wifi ƴan kaɗan. In shi ne ke tsalle zuwa 50 ko 200, cutar tana cikin gida, kuma canza kamfani ba zai yi komai ba. In na farko yana kwance na biyu na hauka, to sai ka sa kowa ya kashe wifin wayarsa na minti biyu. Ya lafa? Cunkoso ne a zaurenku. Bai lafa ba? Tsakanin boks da ƙarfen rezo ne, ko ƙarfen ya cika da jama'ar gari.

Maganin cutar cikin gida kebul ne, kuma na rasa dalilin da ya sa ake ƙinsa. Cat5e yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba. Katangar laka mai kauri tana shanye wifi, ƙyauren ƙarfe da rufin kwano suna mayar da shi baya. In boks ɗinka rami ɗaya gare shi, kamar Huawei B310, sayi ƙaramin suwic mai rami biyar ko takwas. Ba ya buƙatar saiti, sokawa kawai ake. B315 rami huɗu gare shi, ya ishi ɗakin samari. In kebul zai ratsa tsakar gida, saka shi cikin tiyo ka binne, kada ka rataye shi a sama, rana za ta cinye shi, tsawar damina kuma tana iya bi ta ciki ta ƙona na'urorin duka biyun. Wanda ba makawa sai wifi, ya hau 5 GHz in yana kusa da rawutar, ya bar 2.4 ga wayoyi, a 2.4 ɗin kuma tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa taka juna.

Cunkoso shi ne labarin Inna. Hanyar fita, wato abin da gida ke aikawa, ta fi ta shigowa ƙunci sosai a layin waya. Da zarar wata waya ta fara ɗora hotuna a Google Photos, ko wani ya sa dogon bidiyo a status, sai rawuta ta jera saƙonni a layi mai tsawo, ɗan saƙon wasanka ya tsaya a bayan buhuna. Wani injiniyan Amurka, Jim Gettys, shi ya raɗa wa wannan cuta suna a 2010, bufferbloat, wato kumburin layin jira. Abin mamaki, kiran Inna ba shi ne babban mai laifi ba, don kiran WhatsApp yana rage kansa in hanya ta matse. Masu laifin su ne waɗanda ba a gani. Bi wayoyin gidan ɗaya-ɗaya ka kashe ajiyar hotuna ta kai-da-kai, ka maida ajiyar WhatsApp ta zama sai an danna, ka hana Play Store mizajur da kansa. A kowace kwamfuta ka shiga saitin sadarwar Windows ka kunna Connexion limitée, don ya daina jan sabuntawa a tsakiyar wasa. Ka duba jerin na'urorin da ke kan rawutar. In ka ƙirga wayoyin gidan bakwai ka ga goma sha biyu, to ƴan fadar ƙofar gida sun samu rabonsu, don wayar Android tana raba kalmar sirri da hoton QR cikin daƙiƙa. Canza ta, ka kashe WPS.

In rawutar tana da QoS, saitin ƙayyade gudu, ga yadda ake amfani da shi. Auna gudun layin da dare, lokacin da ya fi rauni, sannan ka ƙayyade shiga da fita zuwa kashi 85 cikin ɗari na abin da ka samu. Kamar asara ce, amma ita ce ribar: muddin bututun bai cika ba, layin jira ba ya taruwa. Ƙananan boks da yawa ba su da wannan saiti. Mai son ya yi abin da gaske sai ya samo rawuta da ke ɗaukar manhajar OpenWrt, ya kunna saitin SQM, ya kashe wifin boks ɗin kamfani, kowa ya bi ta sabuwar. E, wannan ya dawo da zaure biyu da na ce a guje masa. Amma in gwajin ɗazu ya nuna kana bayan ƙofar gari, ba ka da abin da za ka rasa.

Saukar da wasa shi ke cinye forfe, ba yin sa ba. Counter-Strike 2 kyauta ne tun fitowarsa a Satumban 2023, amma gigarsa gommai ce. Kada kwamfuta uku su sauko da abu ɗaya sau uku. Tun 2023 Steam yana iya ɗauko wasa daga wata kwamfutar da ke cikin gida: ɗaya ta sauke, da forfen dare in kamfaninka yana da shi, sauran su kwafa ta kebul. A saitin saukarwa ake kunna shi, kuma in asusun ba ɗaya ba ne sai ka ba da izini ga abokai. A nan ne kuma za ka sa wa Steam iyakar gudu, ka hana shi saukarwa yayin wasa.

Tsakanin boks da ƙarfen rezo, ƙasar Adar tana da nata hukunci. Wanda ke kan fako yana ganin ƙarfen da idonsa. Wanda ke cikin kwarin Magiya, ko gindin dutse a Buza da Keita, tudu ya shiga tsakani. Kada ka dogara da sandunan da ke jikin boks. A shafin bayaninsa akwai lamba mai suna RSRP: wajen -80 yana da kyau, -100 ya fara rauni, -110 zuwa ƙasa wahala ce. Ɗauki boks ɗin ka zagaya gidan kana dubawa, taga bayan taga. Mita biyu kan canza labari. Inda ya fi kyau nan ne mazauninsa, ko da ɗakin Baba ne. Kebul zai kawo muku sauran. In ko'ina bai yi ba, eriyar waje a kan dogon ƙarfe, tana fuskantar ƙarfen rezo, ita ce abin saye kafin sabon forfe. In rawutar tana yawo tsakanin 4G da 3G, kulle ta a 4G kaɗai, domin kowane sauyi yana iya fitar da ku daga wasa.

Sai wuta. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7, tana aiki tun 2018, amma yankin ya daɗe yana dogara da wutar da ke zuwa daga Najeriya, kuma kowa ya tuna watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 da aka yanke ta. Ko ƙiftawar daƙiƙa ɗaya ta ishi rawuta ta mutu, ta ɗauki minti biyu tana farfaɗowa, littafin mai zaure ya goge, kowa ya faɗo. Abin daɗin shi ne rawuta ba ta da ci. Duba cajarta: yawanci volt 12, amfiya 1, wato wat 12 in ta yi yawa. Ƙaramin batir mai 12V 7Ah yana riƙe ta sa'o'i da dama. A haɗa ta bayan na'urar daidaita caji, ba kai tsaye daga panon hasken rana ba, a tabbatar ba a juya wayoyin ba, kuma a karanta jikinta, don wasu 9 ko 5 suke ci. Suwic ma yana son nasa. Starlink kuwa wani lissafi ne: babban yana cin wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini 25 zuwa 40. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a ajiye boks dab da kwano ko a lulluɓe shi da ƙyalle don gudun ƙura. In ya yi zafi yana rage gudu ko ya kashe kansa. A rataye shi inda iska ke bi, a riƙa hure ƙurar hunturu daga ramukansa.

Gargaɗi ɗaya da ya shafi zama a zaure guda: duniya fuska ɗaya take gani. In ɗayanku ya sa manhajar maguɗi, wasu sabobin adireshin suke toshewa, gidan duka ya sha. Wasannin sata da ake kwafowa a kati kuma su ne babbar hanyar ƙwayar cuta, kuma da UPnP a kunne, kwamfuta mai cuta tana iya buɗe wa kanta ƙofa.

Akwai daren da rezo zai tafi gaba ɗaya, ko forfe ya ƙare ana saura kwana uku albashi. Rawutar ba ta mutu ba. Ko babu layi a cikinta tana raba lambobin cikin gida, kwamfutocin suna ganin juna, ping 1 ms, abin da ɗan Faris ma ba ya samu a intanet. A Windows ka maida sadarwar ta zama Réseau privé, in katangar tsaro ta tambaya ka ba wasan izini. Ɗaya ya buɗe wasa a sashen LAN, sauran su gan shi a jeri. In bai fito ba, ya duba lambarsa da ipconfig su rubuta da hannu. Counter-Strike 1.6 yana gudu a tsohuwar kwamfutar ofis. Minecraft yana da maɓallin buɗe duniya ga ƴan gida. Xonotic na harbi, SuperTuxKart na tseren mota da 0 A.D. na gina gari da yaƙi duk kyauta ne na halal, sau ɗaya ake sauke su a raba da kilen USB. Wasannin Steam dai sai an sa Steam ɗin a yanayin rashin intanet tun rezo yana nan. In akwai sauran mega a layin kuwa, a zare layin daga boks a saka wa Inna a wayarta, ta ƙarasa maganarta da na Libiya.